Wahalar tashin injin mota mai injekta a lokacin sanyi

Wahalar tashi da sanyi matsala ce da injin fetur mai injekta (na'urar da ke fesa wa inji mai) kan nuna bayan ya kwana a kashe. A murɗa makulli, kik ya yi ta juyawa inji bai kama ba, ko ya kama ya yi ta karkarwa ya mutu, amma da zarar ya ɗumama sai ya wuni lafiya lau. A Kaduna an fi kokawa da ita a Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya kankama. Sai dai sanyin garin bai kai ya hana lafiyayyen inji tashi ba, domin yawancin motocin an ƙera su ne don ƙasashen da ƙanƙara ke zuba. Abin da sanyin ke yi shi ne tona asirin lahanin da dama yake ɓoye.

Asalin matsalar

Fetur ba ya kamawa da kyau sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Injin da ya ɗumama yana aiki da kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Idan ƙarfe ya yi sanyi, wani ɓangare na man yakan kwanta a jikin bututun iska da bangon silinda kamar raɓa, don haka dole a fesa fiye da yadda aka saba kafin a sami wanda zai ci wuta. A daidai lokacin kuma ƙarfin batir ya ragu, baƙin mai ya yi kauri.

Tarihi

A zamanin kabureta direba ne ke yin wannan ƙarin da kansa. Yakan ja cok don rage iska, ya tattaka totur sau biyu ko uku, wani ɗan famfo da ke cikin kaburetar ya watsa fetur. Kamfanin Bendix na Amurka ya gwada injekta mai aiki da lantarki wajen ƙarshen shekarun 1950, amma bai yi ƙarko ba. Wanda ya karɓu shi ne D-Jetronic na kamfanin Bosch na Jamus, da ya fito a 1967 a motar Volkswagen 1600. K-Jetronic ya biyo baya a 1973, sannan Motronic a 1979, wanda ya haɗa sarrafa mai da wutar fulogi a kwamfuta ɗaya.

Tsarin farko-farkon nan suna da wani nozul na daban da ba ya aiki sai lokacin tada inji da sanyi. Wani makunni da ke nutse a ruwan inji ne ke ba shi wuta na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya katse don kada mai ya yi yawa. Idan makunnin ya mutu mota ta ƙi tashi da safe, idan kuma nozul ɗin na yoyo sai ta riƙa shan mai tana baƙin hayaƙi. Marsandin da ake kira V-boot, wadda ta yi tashe a Najeriya, da yawanta na ɗauke da irin wannan tsari. Daga baya aka daina sa nozul ɗin: kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa, ita ke tsawaita lokacin buɗewar injektocin gwargwadon sanyin da aka gaya mata.

Kaduna ta daɗe tana garin kabureta. Masana'antar Peugeot da ke Kakuri ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 da ta cika tituna da ma'aikatun gwamnati akasarinta mai kabureta ce. A kanta ne tsofaffin makanikan garin da yawa suka koyi aiki. Injekta ta yawaita ne da shigowar motocin Beljiyam, galibi daga shekarun 1990, sai kuma 406 da aka harhaɗa a Kakuri wajen shekarar 2000. Al'adar tattaka totur kafin a murɗa makulli ta tsira har yau, ko da yake a mota mai injekta ba ta watsa ko ɗigo.

Inda lahanin ke ɓuya

Batir ne kan gaba. Cikakke yakan nuna kusan bolt 12.6 bayan ya huta, kuma idan ya faɗi ƙasa da 10 lokacin da kik ke juyawa, ƙwaƙwalwa da kwayil mai ba fulogi wuta na iya rasa isasshiyar wuta ko da injin na juyawa. Farin garin da ke taruwa a kan batir, ko wayar da ta haɗa shi da jikin mota in ta saki, suna kawo alama iri ɗaya.

Na biyu shi ne na'urar auna zafin ruwa, wadda ta gaji aikin cok. A irin ta Bosch, turjiyarta ga lantarki takan kai kusan om 2,500 a zafin digiri 20, ta sauka zuwa wajen 300 a digiri 80. Idan ta lalace ta ce injin na da zafi alhali da sanyinsa, man da za a fesa ba zai isa ba. Idan ta yi ƙaryar sanyi mai tsanani, fulogi ya jiƙe, warin fetur ya fito ta salansa. A motoci da yawa wadda ke motsa allurar zafi a gaban direba daban take, don haka allurar na iya nuna daidai ƙwaƙwalwa kuwa na karɓar ƙarya.

Sai ƙarfin turin mai. Famfon da ke cikin tanki yakan riƙe matsin kusan 3 zuwa 4 a ma'aunin bar cikin bututu. In bawul ɗinsa ya gaji ko wata injekta na ɗiga, man yakan zube cikin dare, da safe sai an cika bututun tukuna.

Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, ta haɗu da tururin baƙin mai ta yi danƙo a bakin totur. Alamarsa ita ce inji ya kama ya mutu sai an ɗan taka. Akwai kuma tsohon fulogi, da fetur mai ruwa ko gauraye irin wanda akan ci karo da shi a galan, da zuba baƙin mai 20W-50 mai kauri a injin da aka ƙera don 5W-30 mara kauri.

Bincike

Ana farawa da kunne. Kik mai jan ƙafa ko ƙas-ƙas kawai na nuni ga batir ko kik ɗin kansa. In yana juyawa da ƙarfi, sai a kunna makulli ba tare da tadawa ba a saurari gurnanin famfo na kamar daƙiƙa 2 daga wajen tanki. A maimaita sau uku kafin a tada. Idan ta kama nan take, mai ne ke zubewa da dare. Idan fulogi ya jiƙe, motoci da yawa na yanke mai in aka danne totur har ƙasa ana tadawa. Ba a son a wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 ana kik ba hutu.

Motocin kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga wajen 2001, suna da soket mai ƙafa 16 a kusa da sitiyari inda ake jona kwamfutar bincike. A cikin lambobin lahani da take nunawa, P0115 zuwa P0119 na na'urar zafin ruwa ne. Amma gwajin da ya fi amfani shi ne motar ta kwana a gareji, da asuba a kwatanta zafin ruwa da na iskar da ke shiga: ya kamata su yi kusa da juna. Motar da aka tuƙo zuwa wurin makanike ta riga ta ɗumama, lahanin ya ɓuya, shi ya sa akan yi ta sauya kayan da ba su da laifi da na Panteka, kasuwar kayan gyaran mota ta Kaduna.

Saɓani

Makanikai da dama na cire tamostat, bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, su haɗa fanka kai tsaye, wai don zafin ƙasar. Masu ƙera motoci ba su yarda da haka ba, domin injin yakan daɗe bai ɗumama ba yana shan mai. Kan ɗumama mota da safe ma ra'ayi ya rabu, amma littattafan motocin zamani sun fi karkata ga ɗan jira kaɗan sannan a tuƙa a hankali.