Ruwan da Ke Cinye Shinkafarmu Ba a Kanmu Kaɗai Yake Sauka Ba

'Yan uwana manoman fadama, assalamu alaikum.

A damunar 2020, da ambaliya ta shanye shinkafar jama'a tun daga Argungu har Bagudo, wani dattijo ya tsayar da ni a bakin gonarsa, wadda ta koma tafki. Ya ce, "Malam, yau kwana biyar ko yayyafi ba a yi a garin nan ba. To wannan ruwa daga ina?" Na ce, "Baba, ruwan Gusau ne da na Maraɗi." Ya dube ni kamar ban ji tambayarsa ba. Ni malamin gona ne, kuma tun daga ranar na gane cewa kafin a yi wa manomin Kebbi maganar iri da taki, sai an fara yi masa maganar yadda Allah ya shimfiɗa ƙasar da yake nomawa.

Mu a gangare muke zaune. Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajen Funtua, ya ratsa Gusau, ya cika madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, sannan ya haɗu da Rima a gefen birnin Sakkwato. Ita Rima ta riga ta kwaso Bunsuru da Gagere da Gulbin Maraɗi, wanda ke farawa a ƙasar Katsina, ya tsallaka Nijar, ya sake dawowa. Daga nan ruwan ya karkato kudu, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi. A gaba Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi da Jega, ya zuba a ciki, Gulbin Ka ma haka, kafin duka su faɗa Kwara. Ke nan duk markar da aka yi a waɗancan garuruwa, ta ƙofarmu za ta wuce, ko da mu nan rana ake ƙwallawa.

Ita kuwa Kwara, wato Kogin Neja, tafiyarta ta fi kilomita 4,000. Daga tsaunukan Gini take fitowa, ta ratsa Mali da Nijar, ta bi iyakar Benin, ta shigo mana ta wajen Lolo, ta gangara Yauri zuwa tafkin Kainji da aka datse a 1968. Sau biyu take cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, tsakanin Agusta da Oktoba, kuma ita ce mai ɓarna. Idan Kwara ta cika maƙil a daidai lokacin da Gulbin Sakkwato ya kawo nasa, sai ya rasa inda zai juye, ya tsaya, ya bazu cikin fadama. Cika ta biyu tana zuwa da hunturu. Ruwan da ya sauka a Gini ne, ya yi watanni yana jan ƙafa a cikin babbar fadamar tsakiyar Mali kafin ya iso. Masu shuka a gungu da bakin gaɓa a ƙasar Yauri da Bagudo, ku sa wannan a lissafinku. Ɗaukewar damina ba ta nufin Kwara ta gama.

Iyakokin da ke tsakaninmu da maƙwabta Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata su a takarda, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Sun raba Dendi gida uku: Kamba a Najeriya, Gaya a Nijar, Malanbil a Benin. Dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, kogi ɗaya. Ruwa bai san da wannan layi ba, shi ya sa ƙasashe tara suka haɗu a Hukumar Kogin Neja mai hedikwata a Yamai. Mu ma a ƙauye muna da irin tamu hanyar sanin halin da kogi ke ciki. Idan ka ji a rediyo cewa kogi ya shiga unguwannin Yamai, labarin gonarka ake ba ka. Idan kana da ɗan uwa a Gaya ko a Goronyo, kira shi ka ji inda ruwa ya kai.

Amma ba yau aka fara ambaliya ba, me ya sa hasarar ta fi ta dā? Abin da idona ya gani shi ne mun shiga hanyar ruwa. Kakanninmu sun san kowane taƙi na fadama. Sun san jigawa ta gero ce, sun san laka ta shinkafa ce, sun bar ƙwaryar kwari ga masunta da makiyaya, in kuwa za su shuka a can, sai shinkafar gargajiya mai bin ruwa, wadda karanta ke miƙewa yayin da ruwa ke hawa. Sai aka gina Bakolori a 1978, aka kammala madatsar Goronyo a 1984, ƙananan ambaliyoyi suka ragu, muka saki jiki. Jama'a ta ƙaru. Tun 2015, da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa a nan Kebbi, kowa ya koma fadama, aka nome har inda dā kwale-kwale ke bi, kuma da gajeren iri wanda in ruwa ya rufe shi 'yan kwanaki sai ya ruɓe. Madatsa kuwa idan ta cika dole a sako ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san haka. Ga kuma sare itatuwa a can sama, wanda ke sa rairayi ya gangaro ya cike cikin gulbi.

Ba na cewa a bar fadama. Ita ce arzikinmu, kuma lakar da ambaliya ke bari ita ce takin da ba mu saya ba. Roƙona shi ne kada mutum ya zuba dukan jarinsa a kwari ɗaya, balle in bashi ne. A raba: wani abu a tudu, gero ko dawa ko wake, wani a fadama mai ɗan tsayi. Inda ka san ruwa kan kwanta, nemi FARO 66 ko FARO 67, irin shinkafar da aka fitar a 2017, waɗanda kan jure nutsewa har kusan mako biyu. Na ce kusan mako biyu, ban ce wata ba. Inda ruwa kan yi wata yana kwance, ka haƙura da damina, ka adana kuɗin takinka da man injinka sai rani, lokacin da ruwan ƙasa ke kusa kuma kai ke juya shi.

Kowace shekara kafin damina, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen yanayi, hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, kuma na bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Ku tambayi malamin gonarku abin da aka ce game da taku. Aikinmu ne mu gaya muku, kuma haƙƙinku ne ku matsa mana.

Irin shuka da buhunan taki, a ɗaga su zuwa tudu tun farkon Agusta, kada a jira ruwa ya iso bakin ƙofa. In gudun ya kama, kada a cika jirgi fiye da ƙima, a fara tsallakar da yara da tsofaffi da sauran rana. Bayan ruwa ya janye kuma, rijiyar da ambaliya ta shiga ba ta shan ruwa ba ce sai an yashe ta an sa mata magani. Kafin nan, iyaye mata, a tafasa ruwan sha, domin a irin wannan lokaci ne amai da gudawa ke shigowa gari. Wanda ya fara, a ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya, a kai shi asibiti ranar.