Malami da Wayarsa: Yadda Ake Samun Abokan Ƙara wa Juna Sani a Intanet

Wane irin haɗin malamai ake magana a kai?

Mutanen da kake komawa wurinsu idan darasi ya cije. Da can, in ba ɗakin malamai ba, sai ranar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta kira bita. Yanzu malamar aji biyu a Rigasa za ta iya tambayar takwararta ta Kafanchan dabarar da ta yi wa yaran da ke rikita b da ɓ, ta samu amsa kafin a tashi tara.

Ai muna da zauren WhatsApp na makaranta. Bai isa ba?

Bai isa ba. Wancan na sanarwa ne: hedimasta ya ce a zo da wuri, wani ya tambaya ko albashi ya shigo, sai gaisuwar Juma'a. Wa zai fito a gaban shugabansa ya ce lissafin aji biyar na ba shi wuya?

A buɗe wani daban, na masu koyar da darasi ɗaya daga makarantu daban-daban. WhatsApp na ɗaukar mutum 1,024 a zaure guda, amma a ganina in an wuce ashirin surutu ya fara cinye aiki. Sharaɗi ɗaya ya wadatar: abin da ka gwada a aji shi za ka kawo. Ka ɗauki hoton allo kafin a goge, ka tura da saƙon murya na minti biyu: "Na yanka lemo huɗu don nuna rabi da kwata, 'yan gaba sun gane, na baya sun yi zuru. Ya kuke yi da aji mai yara tamanin?" Irin wannan tambaya ce ke fito da gwanaye daga ɓoye. Wanda kullum sai dai ya karanta ya yi shiru, da wuya a tuna da shi ranar da ya zo da tasa matsalar.

Don ajiye takardu kuwa Telegram ya fi, yana ɗaukar manyan fayiloli, kuma ana iya barin sabon shiga ya ga abin da aka tattauna a baya.

Ina ake samun kayan karatu masu inganci?

Akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Kyauta ne, har da darussa cikin Hausa. Akwai kuma TESSA, shirin horar da malaman Afirka da Open University ta Ingila ta fara a 2005. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Rigachikun kan hanyar Zariya, na cikin waɗanda aka yi aikin da su. Malaman kimiyya su nemi ƙungiyarsu ta STAN.

Data da wuta fa?

A kashe sauke bidiyo kai-tsaye. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender a ɗakin malamai.

Wahalar nan za ta biya kuwa?

Malamin Kaduna bai manta 2017 ba, lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufai ta ce malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 sun faɗi jarrabawar gwaji. An yi ta gardama kan adalcin jarrabawar, har ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ta tafi yajin aiki. Ko ma wane ɓangare mutum yake, gara ya gano rauninsa a gaban abokai da ya gano shi a takardar sallama. Sai dai a kula da masu tallar satifiket na kwana biyu a Facebook. Ba ya maye gurbin rajista da TRCN, hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa.

Zan iya tura hoton ɗalibaina?

Tura aikinsu, ka rufe sunan da ke saman littafin. Fuskar yaro kuwa sai da izinin iyaye, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ma ta wajabta neman yardarsu kan bayanan yara.