Shin da gaske alamomin karta suna ɗauke da sirrin gobe?

An daɗe ana faɗin wai karta, musamman wadda ake kira tarot, tun zamanin Fir'auna aka ƙirƙiro ta don duba, kuma kowace alama tana ɓoye wani sirri. Masu yarda da haka ba laifinsu ba ne, haka suka taso suna ji.

Amma gaskiya karta don wasa aka yi ta. Ta shiga Turai wajen 1370 ta hannun Mamalik, masu mulkin Masar a lokacin, alamomin kartarsu kofi ne da tsabar kuɗi da takobi da sandar folo, kayan rayuwar fada kawai. Ita tarot ɗin a arewacin Italiya aka fara yin ta wajen 1440, masu kuɗi suna wasa da ita, sai bayan shekara sama da 300 wasu a Faransa suka jingina mata duba da labarin Fir'auna. Zuciya da sauran alamomin ja da baƙi da muka sani ma Faransawa ne suka sauƙaƙa zanen don bugawa ta yi arha, Jamusawa kuwa ganye da ƙararrawa suka sa a tasu.

Kana iya gwadawa da kanka. Nemo jerin fassarar kati guda daga wurare biyu, sau da yawa za ka tarar sun saɓa. Sannan ka kula da maganar mai duban, "akwai mai yi maka hassada, kuɗi na tafe", to wa wannan bai dace da shi ba?

Don Allah a tura wa 'yan uwa su karanta.