Tsohuwar ƙaramar goɗiya: ciki ne ko tumbi?

A Amurka da Turai da Ostireliya ana kiwon wasu dawaki 'yan ƙanana waɗanda ko sun gama girma da ƙyar suke wuce ƙugun mutum. Ƙungiyar masu kiwonsu ta Amurka, AMHA, wadda aka kafa a 1978, ba ta yi wa doki rajista idan tsayinsa ya haura inci 34, wato kimanin santimita 86. Suna da tsawon rai, da yawansu kan kai shekara 30, don haka goɗiya ɗaya takan bi ta hannun mutane da dama. Sai ka ga wani ya sayi mai shekara 18 ko 20 ba tare da sanin inda ta kwana ta tashi ba, bayan wata uku ya ga ciki ya yi gaba, hankalinsa ya tashi. Ga tambayoyin da aka fi yi a irin wannan hali.

Goɗiyar da ta kai shekara 20 tana iya ɗaukar ciki kuwa?

Ƙwarai. Goɗiya ba ta da wata shekara ƙayyadadda da haihuwa ke yanke mata. Daga wajen shekara 15 damar ɗaukar ciki takan fara raguwa, ɓari tun cikin yana ƙarami kuma yakan ƙaru, saboda ƙwan ya tsufa kuma bangon mahaifa ya yi kanta. Amma ƙofar ba ta rufe ba, musamman ga wadda ta saba haihuwa shekara bayan shekara. Abin da za ka fara bincika shi ne ko ta haɗu da namiji cikin wata goma sha biyun da suka wuce. Kada ka tsaya ga babban doki kawai. Duƙushi ɗan shekara ɗaya da 'yan watanni yana iya yi mata ciki. Dokin da aka dandaƙe kwanan nan yana iya yi, na 'yan makonni bayan dandaƙar. Jaki ma yana iya yi, sai ta haifi alfadari.

Cikinta ya yi girma ya sauka. Wannan bai isa shaida ba?

Bai isa ba, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Ƙaramin doki tun asali gajere ne mai tumbi. Abu kaɗan yake ci ya yi ƙiba, masu shi kuma saboda ƙauna sukan ba shi fiye da ƙima. Idan busasshiyar ciyawar da take ci ta tsufa ta yi kara, hanji yakan cika ya buɗe, ciki ya fito kamar na wata tara alhali babu komai a mahaifa. Tsutsar ciki tana kawo haka. Haƙoran da suka lalace, waɗanda ba sa tauna abinci da kyau, suna kawo haka. Goɗiyar da ta haihu sau da yawa kuma naman cikinta ya riga ya saki, ba ya komawa yadda yake.

Akwai kuma cutar da ta fi kama tsofaffin dawaki, wadda ake kira Kushin, likitoci kuma suna ce mata PPID. Wani ƙulli ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake kumbura ya riƙa zubo sinadarai fiye da kima. Ka tsaya a gefenta ka duba da kyau: naman gadon baya ya zube har ƙashin yana nunawa, bayan ya lotsa, ciki ya rataya ƙasa, gashi ya yi tsawo yana murɗewa kuma ya ƙi zubewa ko da zafi ya shigo, tana yawan shan ruwa da fitsari, kofato na yawan yi mata ciwo. Wasu ma hantsarsu takan kawo ruwa. Goɗiya mai irin wannan kama magani take buƙata, kuma duk watan da aka ɓata ana jiran haihuwar da ba za ta zo ba, kofatonta ne ke biyan kuɗin.

Haka kuma wata tana ɗauke da ciki na gaske amma ba a gane ba sai ya kusa isa, domin ɗan ya fi yin girma a wata uku na ƙarshe. Motsi a kwiɓi ma ba hujja ba ne, hanjin doki ba ya zama shiru.

Ta daina neman namiji, hantsarta kuma ta ɗan cika. Fa?

Goɗiya takan nemi barbara kusan duk kwana 21, ta yi kwana biyar zuwa bakwai a cikin halin. Idan ba ta dawo ba bayan barbara, alama ce mai kyau, amma alama ce kawai. A ƙasashe masu sanyi yawancin goɗiyoyi sukan daina gaba ɗaya a lokacin hunturu, lokacin da yini ya gajarta. Tsohuwa kuma zagayowar tata takan rikice. Wata kuwa tana da cikin amma tana ɗaga wutsiya idan ta ga namiji. Game da hantsa, ka shafa ka ji: ƙananan dawaki masu ƙiba sukan tara kitse mai laushi a gaban hantsar, mutane su ɗauka nono ne.

To wace hanya ce ta fi tabbas?

Hoton ciki na na'ura a hannun likitan dabbobi. A babbar goɗiya likita yana sa kan na'urar ta dubura, ya ga ɗan tayi tun kwana 14 zuwa 16 bayan fitar ƙwai, ya ga bugun zuciya wajen kwana 25. Matsalar ƙaramar goɗiya ita ce hannun babban mutum sau da yawa ba ya shiga, kuma idan aka tilasta bangon dubura ya yage, rauni ne da ke iya kashe ta. Shi ya sa likitocin da suka saba da su suke ɗaura kan na'urar a jikin wani siririn sanda su tura a hankali, galibi bayan sun yi mata allurar kwantar da hankali. Ina ganin bai kamata mai goɗiya ya ji nauyin tambayar likita ko ya taɓa yin wannan a kan ƙaramin doki ba. Haka nan kada wanda ba likita ba ya sa hannu da sunan lalube.

Idan cikin ya wuce wata uku, akwai hanya mafi sauƙi: a jiƙa fatar ciki a gaban hantsa, ko a aske gashin wurin, a ɗora na'urar ta waje. Ana ganin haƙarƙarin ɗan da zuciyarsa tana bugawa. Ga ƙaramar goɗiya da ake zaton cikinta ya yi nisa, wannan na fi so.

Tsufa yana ƙara wani ruɗani. Mahaifar tsohuwar goɗiya takan fitar da 'yan ƙuraje masu ruwa, waɗanda a hoto suke fitowa baƙaƙe, kewayayyu, tamkar ɗan tayi na kwana 14. Bambancin shi ne ƙurjin ba ya girma, ba ya sauya wuri, ba ya da bugun zuciya. Saboda haka idan likita ya ce a dawo bayan kwana goma a sake dubawa, yana da dalili. Duban farko kuma yana da wani amfani, wato gano tagwaye, domin goɗiya ba kasafai take kai tagwaye ga haihuwa lafiya ba.

Idan babu na'ura a kusa, awon jini zai yi?

Zai yi, muddin an zaɓi awon da ya dace da kwanakin cikin. Iri uku ne, kuma kowanne da inda yake yaudara.

Na farko, awon furojestaron, wato sinadarin jiki da ke taimakawa wajen riƙe ciki, shi ne mafi rauni. Idan ya yi ƙasa wajen kwana 18 zuwa 21 bayan fitar ƙwai, kusan tabbas babu ciki. Idan ya yi sama, bai tabbatar da komai ba, domin goɗiyar da ba ta da ciki ma yakan hau mata a tsakiyar zagayowarta.

Na biyu shi ne awon wani sinadari da ake kira eCG, wanda wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ɗan tayi ke shukawa a bangon mahaifa suke fitarwa daga wajen kwana 40 zuwa 120. Abin lura shi ne, idan suka riga suka kafu, ko da cikin ya zube suna ci gaba da aikinsu har wa'adinsu ya cika. Sai awo ya ce akwai ciki alhali ɗan ya mutu tun makonni. Ga tsohuwar goɗiya, wadda ɓari ya fi kusa da ita, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Bayan kwana 120 kuma awon zai ce babu, ko da cikin yana nan lafiya.

Na uku, awon sinadarin estiron salfet, shi ne abin dogaro daga wajen kwana 100 zuwa gaba. Ɗan da mabiyiya ne suke haɗuwa su samar da shi, don haka idan ya yi sama ɗan yana raye. Yakan sauka a makonnin ƙarshe, to awon da aka yi dab da haihuwa yana iya fitowa ba a fayyace ba.

Tsinken gwajin ciki na mata fa?

Ba ya aiki a kan goɗiya. Sinadarin da yake nema na ɗan'adam ne. Akwai tsinken fitsari da aka yi musamman don dawaki, amma shi ma ya danganta da kwanakin ciki, kuma sakamakonsa na buƙatar likita ya tabbatar.

Ban san ranar da aka yi mata barbara ba. Ta ina zan fara?

Ka ƙirga daga ranar da ta shigo hannunka, in dai tun daga ranar ba ta haɗu da namiji ba. Idan ta yi wata huɗu a wurinka, duk cikin da ke jikinta ya wuce kwana 100, sai a yi estiron salfet ko hoto ta waje. Idan ba ta kai ba, likita yakan haɗa eCG da estiron salfet a jini ɗaya, a maimaita bayan wata guda ko biyu in sakamakon bai fito fili ba. Cikin goɗiya kusan kwana 340 ne, ƙananan kuma sukan haihu da ɗan wuri, wajen 320 zuwa 330. Idan ta haura wata goma sha uku a wurinka ba namiji ba haihuwa, a nemi dalilin tumbin a wani wuri.

Kafin sakamako ya fito, yaya zan kula da ita?

Ka ɗauke ta a matsayin mai ciki. Babban gargaɗina shi ne kada ka yanke mata abinci farat ɗaya don kana zaton ƙiba ce. Ƙananan dawaki da jakuna, musamman masu ƙiba da masu ciki, idan suka yi kwana biyu ko uku ba su ci sosai ba, jiki yakan kwaso kitse ya zuba cikin jini har ya fi ƙarfin hanta. Cutar tana kisa da sauri. Ƙaramar goɗiyar da ta ƙi cin abinci yini guda, a kira likita a ranar.

Kada a yi mata allurar da ake yi don jawo neman barbara, tana zubar da ciki. Maganin tsutsa a auna nauyinta tukuna, domin mazubin babban doki ya ninka abin da take buƙata sau da yawa, kuma maganin tsutsa mai sinadarin moksidektin yana da haɗari idan ya yi yawa. A Amurka ana kuma janye masu ciki daga wata ciyawar kiwo da ake kira feskiyu a wata biyu zuwa uku na ƙarshe, saboda wani naman gwari da ke cikinta yana hana nono zuwa, yana kuma jinkirta haihuwa.

Idan ya tabbata ciki ne, me zan sa wa ido?

Likita zai tsara rigakafi, har da na sarƙe-haƙora mako huɗu zuwa shida kafin haihuwa, don ɗan ya samu kariya ta dakashi. Hantsa takan fara cika mako biyu zuwa shida kafin ranar, naman gindin wutsiya ya saki, wani lokaci a ga ɗan danƙo a kan nonon kwana ɗaya ko biyu kafin naƙuda, ko da yake ƙananan da yawa ba sa nuna shi. Idan hantsa ta cika tun da sauran watanni, ko wani ruwa yana fita ta gabanta, ana zargin ciwo a mabiyiya, a kira likita.

Ƙananan goɗiyoyi sun fi manya shan wahalar haihuwa, don haka ba a barinsu su haihu su kaɗai, kuma yawanci da dare suke yi. Bayan faya ta fashe, ɗan ya kamata ya fito cikin minti 20 zuwa 30, ƙafafun gaba biyu da hanci a kansu, cikin farar jaka. Idan jar jaka mai kauri ce ta fara leƙowa, mabiyiya ta saki kafin lokaci kuma ɗan ba ya samun iska, dole a yaga ta nan take a taimaka masa ya fito. Farar jakar ma a cire masa ita daga hanci, domin ɗan ƙaramar goɗiya wani lokaci ba ya iya fasa ta da kansa. Ita uwar kuma, saboda tsufanta, a lura da ita sosai a kwana biyun farko: idan ta kama rawar jiki da gumi, dasashinta ya yi fari, mai yiwuwa jijiyar jinin mahaifa ce ta fashe a ciki. A bar ta a inda take ba tare da an tayar mata da hankali ba, a kira likita cikin gaggawa. Haka nan idan mabiyiya ta wuce awa uku ba ta faɗo ba.