Swayambara: zaɓen miji a hikayoyin Hindu na dā

Swayambara kalma ce ta Sanskirit, tsohon harshen Indiya, daga "swayam", wato da kanta, da "bara", wato zaɓi ko ango. A tsofaffin hikayoyin Hindu, taro ne da sarki yake kira idan 'yarsa ta isa aure. 'Ya'yan sarakuna su hallara a fada, a ambaci sunan kowa da asalinsa, sannan budurwar ta ratsa tsakaninsu ta rataya sarƙar furanni a wuyan wanda ta ga ya yi mata. Mafi yawan labaransa suna cikin Mahabharata, waƙar da ta kai kimanin baiti 100,000, da Ramayana mai kimanin baiti 24,000.

Sunan yana nuna cikakken 'yanci, amma ba kowace gimbiya ce ta samu haka ba. Sau da yawa uba ne yake gindaya sharaɗin jarumta, wanda ya cika shi ya ɗauki amarya. Sarki Janaka na Mitila ya ce sai wanda ya ɗana bakan Shiba, ɗaya daga cikin allolin Hindu, zai auri 'yarsa Sita, Rama ya ja bakan har ya karye. Duraupadi ta Fancala kuwa Arjuna ne ya same ta da harbin kibiya, daga baya ta zama matar su biyar, shi da 'yan'uwansa huɗu, saboda uwarsu Kunti ta ce su raba tsakaninsu ba ta duba abin da suka kawo ba. Mafi ban tausayi ita ce Amba ta Kashi. Ta riga ta ba sarki Shalwa zuciyarta, jarumi Bishma ya sace ta da ƙannenta biyu daga tsakiyar taron. Da aka sallame ta ta koma wajen masoyinta, sai ya ƙi ta, wai wani namiji ya riga ya ci ta da yaƙi. Ba ta ga tsuntsu ba, ba ta ga tarko ba, ta ƙare rayuwarta tana neman fansa.

Damayanti

Inda zaɓin ya amsa sunansa shi ne labarin Damayanti, 'yar sarkin Bidarba. Ita da Nala, sarkin Nishada, sun kamu da son juna tun ba su haɗu ba, ta bakin wani tsuntsun ruwa mai kama da dinya da ake kira hamsa, wanda ya kai mata yabon Nala. Ranar taro alloli huɗu, Indira da Agni da Baruna da Yama, suka rikiɗa suka ɗauki siffar Nala, ta tarar da mutum biyar masu fuska ɗaya. Ta roƙe su da gaskiyar son da take yi, sai alamu suka bayyana gare ta: huɗu ba sa ƙifta ido, ba sa gumi, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa, furanninsu ba su yi yaushi ba. Na biyar yana da inuwa, ƙura ta hau shi, furanninsa sun soma yaushi. Shi ta zaɓa. Wannan wuri yana da daɗin karatu ƙwarai, domin da alamomin rauni da mutuwa ta gane masoyinta, ta kuma fifita shi a kan waɗanda ba sa mutuwa.

Aure bai kawo ƙarshen wahalarta ba. Nala ya yi asarar sarautarsa a caca, ya yanke rabin mayafinta tana barci a daji, ya gudu. Ita ce ta aika masu cigiya gari-gari, ita ce ta baza labarin ƙarya cewa za ta sake swayambara don ta jawo shi, kuma da ya iso a siffar wani gajeren matuƙin keken doki mai suna Bahuka, ɗanɗanon naman da ya dafa yana cikin abin da ya tabbatar mata shi ne.

Sabitiri

Sabitiri 'yar sarki Ashwapati na ƙasar Madra ba a ma yi mata taro ba. Kwarjininta ya sa babu wanda ya iya zuwa neman aurenta, sai mahaifinta ya ce ta fita ta nemo miji da kanta. Ta zaɓi Satiyaban, ɗan makahon sarki da aka kora daji. Wani mai hikima, Narada, ya faɗa musu saura shekara guda saurayin ya mutu, ta ce ita sau ɗaya take zaɓe. Da Yama, allan mutuwa, ya zo ya ɗauki ran mijinta, ta bi shi tana yi masa magana mai hikima har ya riƙa ba ta alfarma. Ta roƙi idon surukinta da sarautarsa, ta roƙa wa mahaifinta 'ya'ya, sannan ta roƙi 'ya'ya ɗari ga kanta daga Satiyaban, abin da ba zai yiwu ba sai an mayar masa da rai. Har yau matan aure a Indiya da Nefal suna azumin tunawa da ita, suna zagaya bishiyar banyan, dangin ceɗiya, da zare.

Matsayinsa a dokokin aure

Tsohon littafin dokokin Hindu na Manu ya lissafa nau'in aure 8, kuma swayambara ba ya cikin jerin. Abin da ya fi kusa da shi shi ne gandarba, auren da so da yardar juna kaɗai suka ƙulla, irin na Shakuntala da sarki Dushiyanta. A Mahabharata, Shakuntala ba ta amince ba sai da ya yi alkawarin ɗanta ne zai gaje shi, da ya musanta ta a fada kuma ta tsaya gaban jama'a ta ƙalubalance shi. Mawaƙi Kalidasa ne, da ya sake rubuta labarin daga baya, ya shigo da zoben da ya ɓata da la'anar mantuwa, wanda ya wanke sarkin daga laifi. Manu ya kuma yarda cewa budurwar da ta yi shekara 3 da balaga iyayenta ba su aurar da ita ba tana iya zaɓen miji daidai da ita da kanta.