Ina Zan Karanta Injiniyanci ko Kwamfuta? Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Na daɗe ina koyar da lissafi a wata sakandare a nan Kaduna, kuma duk shekara da zarar JAMB ta fara sayar da fom sai ƙofar gidana ta koma kamar ta mai unguwa. Yaran ne ke canzawa, tambayoyin suna nan yadda suke. To ga su a rubuce. Wanda ya sake tare ni a bakin masallaci, nan zan turo shi.

Malam, wace makaranta ce ta fi kowacce?

Babu ita. Sashe ake dubawa, ba allon bakin ƙofa ba. Makaranta ɗaya tana iya yin fice a injiniyancin gine-gine, sashenta na lantarki kuwa yana fama da ƙarancin malamai.

Waɗanne darussa zan cike a JAMB?

Injiniyanci: Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Kimiyyar kwamfuta: Turanci, lissafi, fiziks, sai na huɗu da ya danganta da makarantar, ka duba kundin JAMB. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi. Wannan tun kana aji huɗu aka gaya maka.

Ba na jin lissafi, amma ina son kwamfuta. Ai na iya waya sosai.

Latsa waya daban, kimiyyar kwamfuta daban. Lissafin da kake gudu shi zai tarbe ka a aji ɗaya, kuma ba zai sake ka ba sai ka fita. Ko ka zauna ka gyara shi yanzu, ko ka nemi wani kwas. Ba zagi ba ne.

Ta yaya zan gane kwas ɗin yana da rajista?

Yawwa, wannan ce tambayar da ya kamata a fara da ita, ita ce kuma ba a yi. Kwas na jami'a hukumar NUC ke tantance shi. Na kwalejin fasaha kuwa NBTE ce, kuma hedikwatarta a cikin garin nan take, ba sai ka shiga motar Abuja ba. In injiniyanci ne akwai ta uku, COREN, wadda ke yi wa injiniyoyi rajista. Kwas-kwas ake tantancewa, ba makaranta dungurungum ba, kuma amincewar tana da wa'adi. Na taɓa ganin ɗalibina ya kwashe shekara biyar a wata makaranta da ba zan ambata ba, sai da ya gama ya ji cewa sashensu bai samu amincewar COREN ba. Mahaifinsa gona ya sayar. Shi ya sa nake faɗa.

Bayan takarda, ka taka da ƙafarka. Zariya ba nisa. Ka shiga sashen, ka leƙa ɗakin gwaje-gwaje da wurin aikin hannu, ka ga ko injinan na motsi ko ƙura ta rufe su. Ka samu ɗan aji uku ka tambaye shi su nawa ke taruwa a kan na'ura ɗaya, kuma ina 'yan sashen ke zuwa SIWES, wato watannin koyon aiki a masana'anta. Shi ba fom yake sayarwa ba, zai gaya maka gaskiya.

AFIT ba ta sojoji ba ce?

Makarantar fasaha ce ta rundunar sojin sama, a Mando, amma tana ɗaukar farar hula, kuma in jirgin sama ne a ranka ka dube ta da kyau. NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, ita ce wadda in ka shiga soja za ka fito. Ku daina haɗa su.

ABU ba ta ɗauke ni ba, Kadpoly ta ba ni ND, wato ƙaramar difloma. In karɓa ko in jira baɗi?

To, nan kam ba ni da amsa guda, kuma duk wanda ya ba ka amsa nan take bai saurare ka ba.

Mu fara da ƙirga shekaru. Digirin injiniyanci shekara biyar ne. In ka zauna gida shekara ɗaya ka sake JAMB ka samu, shida ke nan. In ka yi ND shekara biyu, ka fita da sakamako mai kyau, ka nemi shiga kai tsaye aji biyu a jami'a, saura huɗu, shida ke nan. Ka ga lissafin ɗaya ne. A kwamfuta ma haka, da yake digirinta shekara huɗu ne: biyar da biyar. Bambancin shi ne mai ND yana da takarda a hannu kuma ya riga ya taɓa injin, mai jira kuwa sai fata.

Amma kada ka ce Malam ya ce a ruga. Gurbin shiga aji biyu kaɗan ne, masu IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ma shi suke nema, kuma in ka yi wasa ka fito da ƙaramin sakamako ƙofar ta rufe. Daga nan sai shekarar koyon aiki, sai HND, wato babbar difloma, shekara biyu. HND ba abin kunya ba ce, ana zuwa bautar ƙasa da ita, kuma Kadpoly, da tushenta ke komawa 1956, ta yaye mutanen da suka riƙe masana'antun Kakuri lokacin da suke da rai. Sai dai ka sani COREN ba a sahu ɗaya take ajiye mai HND da mai digiri ba, sai ya ƙaro karatu kafin a yi masa rajistar cikakken injiniya, kuma har yanzu akwai ma'aikatun da ke nuna bambanci wajen ɗauka da ƙarin girma. Wanda ya ce maka an gama da wannan matsala, tambaye shi wace takarda ce a hannunsa.

Saboda haka ya danganta. In maki kaɗan ya hana ka, shekarunka goma sha bakwai, gida za su iya riƙe ka, kuma ka san da gaske za ka yi karatu ba zaman majalisa ba, jira ba laifi. In wannan ce JAMB ɗinka ta uku, karɓi abin da Allah ya ba ka. In kwamfuta ce, na fi karkata ga kada ka jira ko kaɗan, domin a wannan fanni masu ɗaukar aiki da yawa abin da ka gina suke so su gani, kuma KASU, jami'ar jihar Kaduna, na nan cikin gari in digirin kake so. Ka tuna kuma shekarun nan a takarda ne. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci.

Ni mace ce, an ce injiniyanci na maza ne.

Wa ya ce? Je ki cike fom, 'yata. Abin da za ki bincika shi ne ɗakin kwana da tsaron hanya, ba ra'ayin kawunki ba.

Kuɗin fa?

Kada ka tsaya kan kuɗin rajista. Haɗa haya, abinci, mota, kwamfutar tafi-da-gidanka da kuɗin aikin kammalawa, ka ninka sau biyar. Ɗan Tudun Wada da ke kwana gidansu ya rage rabin wahala. Akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 don ɗaliban makarantun gwamnati, amma sunansa bashi.

Alhaji ya ce wani zai samar mini gurbi in an ba shi wani abu.

Ka gaishe mini da Alhaji, ka ce ya riƙe kuɗinsa. Gurbin da bai fito a shafinka na CAPS ba, wato inda JAMB ke nuna wanda aka ɗauka, JAMB ba ta san da shi ba, kuma ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa za ka ji a jikinka. Buɗe shafin da kanka, kada ka ba mai shagon intanet lambar sirrinka.