Mi ake nufi da popop, tagar nan da ke faɗo maka a waya?

Popop dai ita ce 'yar tagar nan da ke ɓullowa bisa shafin intanet ba kai ka kira ta ba, kana cikin karatun labari ko neman sakamakon jarabawar ƙanenka sai kawai ta zo ta rufe rubutun. Nan Yamai da yawanmu duk wadda ta fito sai mu ce birus ce, alhali ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin bambancewar nan shi ke sa ana cin mu.

Asalinta talla ce. Wani Ba'amurke, Ethan Zuckerman, shi ya ƙirƙiro ta a kamfanin Tripod a ƙarshen shekarun 1990, kuma a 2014 da bakinshi ya hito ya ba mutane haƙuri. Abin ya yi yawa har masu burawza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin Chrome, suka sa mata shinge, Internet Explorer ya samu nashi a 2004. To sai masu shafuka suka canza dabara, maimakon su buɗe sabuwar taga sai su zana akwati cikin shafin kanshi, shingen kuwa bai ganin wannan. Shi ya sa ko ka toshe popop a Chrome kana ci gaba da ganinsu.

Akwai akwatin tambaya, wanda ke tsayar da kai ya ce ka tabbata za ka goge hoton nan, OK ko Annuler, kuma ba ka iya taɓa komi a baya sai ka amsa. Wannan ni ban da rigima da shi, wallahi ya ceci mutane da yawa daga aika kuɗi ga lambar da ba ita ba. Na kukis kuma, wato 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa cikin wayarka, da ke cewa Accepter, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Mayun 2018 ce ta yawaita shi, yana gundura amma ba shi sata.

Inda matsala take shi ne wanda ke ja-ja yana ƙyaftawa wai wayarka ta kamu da birus ka latsa nan maza, ko wai ka ci iPhone. Ƙarya ce tsagwaronta, shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin wayarka balle ya ƙirga birus. Sai ɗan'uwanshi mai ladabi, wanda ke neman ka danna Autoriser don ya riƙa aiko maka sanarwa, wani ma ya ce sai ka danna kafin bidiyo ya buɗe. Ka danna sau ɗaya shi ke nan, ko ka rufe shafin tallar caca da hotunan banza za su riƙa shigo maka gaban iyali, ka buɗe su kuma megan forfe ɗinka na jika guda su tahi a banza.

Ku kuma matasa masu haɗa wa 'yan kasuwa shafi, don Allah ku rage. Mutum bai ko ga kayan ba kun tare shi da akwatin neman lambarshi, ga alamar rufewa ƙarama kamar ƙwayar gero. Tun Janairun 2017 Google ke iya mayar da shafin waya baya a sakamakon bincike in akwati ya rufe abin karantawa.

Wanda ya riga ya danna Autoriser, ya shiga Chrome, Paramètres, Paramètres des sites, Notifications, duk sunan shafin da bai sani ba ya toshe shi.